Na Inna Ne

A Katsina ni ne sarkin rubutu a waya: ku sayi na gida, ku ɗaga masu ƙaramar sana'a. To ku ji yadda jarumin naku yake yi in ya je Batsari.

Bayan tasha akwai wani ɗan daudu mai waina da miyar taushe. Ya manyanta yanzu. Tandar da yake suya da ita ta uwar ɗakinsa ce, wani ɗan daudun Safana da ya riƙe shi lokacin da aka kore shi daga gida, ya koya mishi suya, da zai rasu ya bar mishi ita. Duk garin an san ba waina irin tasa. Duk garin kuma ba mai zama a bencinsa. Ta baya ake zagayawa, wajen itacen girki, a miƙa kwano a ce saƙo ne. Kowa ɗan aike ne, har masu furfura.

Ni saƙona kullum na Inna ne. In karɓa, in laɓe bayan wani kango, in cinye a tsaye.

Zuwana na bara na tarar da shi yana korar ƙuda. Ya ce tunda hanya ta lalace mutanen Wagini da Karare sun rage shigowa, baƙin direbobi kuma in suka ga benci wayam sai su ɗauka abincin ne ba daɗi, su wuce. In haka ta ci gaba, naɗe tabarmarsa zai yi. Na yi ta gyaɗa kai irin na masu ilimi, sannan na miƙa kwano na ce na Inna ne, a cika yaji.

Bai ko ɗago ba. "Ɗan nan, Innarka ta bar cin yaji tun tana da cikinka. Ni na soya wainar sunanka."

Ya zuba a faranti, ba a kwanona ba, ya ajiye kan benci, ya koma kan tanda.

Na zauna. Kar ku yabe ni tukuna. A can ƙarshen bencin na ɗosana, fuska na kallon bango, waya a kunne ina ta "eh, eh, na ji", alhali ko caji babu. Amma wani direba ya ga mutum zaune, ya zo ya zauna. Yaran motarsa suka biyo shi.

Ina cikin lasar yatsa na hango Kawu, ƙanin Inna, ta wajen itacen nan, kwano ɓoye a hannun riga. Muka haɗa ido. Ya yi gyaran murya, ya ce saƙo ne.

Ni kuma, baki cike, miya har haɓa, na ce, "Sannu Kawu. Na Inna ne."