Gurbin Mai Ganga

Ƙarar guduma ce ta tarbe ni tun daga ƙofar zauren taron, kafinta yana buga ƙusoshin ƙarshe a jikin dandamali. Kwana tara ke nan ina zirga-zirga tsakanin Gusau da Bungudu. Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe.

Ƙungiyarmu ta marubuta ce ta shirya karatun waƙoƙin damina, haɗe da kiɗan noma. Da aka nemi mai tsara dandamali na ɗaga hannu, don na daɗe ina ganin abin a raina. Ba na son labule mai sheƙi da kujerun roba. Gona nake so. Na aro zana shida a gidan innata a Bungudu muka kewaye baya, na jingina karan dawa, na rataye fartanya. A tsakiya aka zuba yashin rafi, na ja kunya biyu, na shimfiɗa buzu a tsakaninsu. Wannan gurbin na mai ganga ne, wani dattijo daga Tsafe da ya tsufa yana yi wa manoma kiɗa a gayya. Mu masu karatu a gefe za mu tsaya. In ba ya zaune a wurin, duk abin da na tara tarkace ne kawai.

Sai kuma ƙamshi. Ina so wanda ya shigo ya ji kamar yanzu aka ɗauke ruwan fari. Tun hantsi nake yayyafa wa yashin ruwa da buta, in ya tsotse in ƙara. Na sa aka rufe tagogi don kada ƙamshin ya fice.

Bayan azahar dattijon ya iso, ganga a kafaɗa. Ya hau, ya taka yashin, ya duƙa ya taɓa buzun da bayan hannu, ya sauko. Can bakin ƙofa, inda rana take faɗowa kan siminti, ya zauna.

"Baba, ga wurinka can," na ce.

"Na gani, ɗiyata. Ya yi kyau. Nan ni ka zama."

"Ai mutane ba za su gan ka ba."

"Su ji ni dai. Mi za su kalla ga tsoho?"

Shugaban ƙungiya ya durƙusa ya roƙe shi. Dattijon ya yi dariya, ya ce yarinya ta gama gona, saura a ba ta iri. Na zauna a kan matakala, butar a hannuna.

Bayan la'asar aka fara. Kiɗa ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma jama'a duk sun karkata kujeru wajen ƙofa, sun ba gonata baya. Na karanta waƙata kusa da buzun da babu kowa a kai, da muryar da ni ma da ƙyar nake ji. Washegari na mayar wa inna zanarta. A raina na yanke cewa ya ga 'yar boko tana wasa da sana'ar iyayensa, ya ƙi biye mata. Ban ƙara ɗaga hannu a taro ba.

Sai bayan shekara uku, a wani biki a Tsafe, na ga makaɗa sun jera gangunansu kusa da murhu, na tambayi matar da ke gefena dalili. Ta ce fatar ganga ba ta son laima. In ta sha danshi sakewa take yi, ba ta amo sai ta ji rana ko wuta.