Yadda na hana takwarata durƙusawa

Ni na koya mata durƙusawa, ni kuma na zo na hana ta. In akwai laifi, duka biyun nawa ne.

Jikata ce, 'yar ɗana da ya rasu. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara, ita kuma ta ce mini Iya, in tsokana ta motsa mata ta ce Tsohuwa. Tun tana ƙarama take hannuna a Haɗeja, a gidan da nake gumin shinkafa. Mu asalinmu masu shanu ne. Shanun sun tafi tun zamanin kakanni, kunyar ce ta zauna. Na tarbiyyantar da ita yadda aka yi mini: babba na magana, gwiwa a ƙasa, ido a ƙasa, murya a ƙasa. Duk unguwa da ita ake kwatance, ni kuma ina ta hura hanci.

Tun ranar da ta ga wata 'yar sanda ta tsayar da tirela da hannu ɗaya a bakin kasuwa ta ce ita ma sai ta sa kaki. Na ɗauka surutun yara ne. Ta gama makaranta, maganar ba ta canza ba.

Karon farko ta je Dutse neman aikin, ta yi gudu ta wuce, aka auna tsawonta ya kai, ta rubuta jarrabawa ta ci. Sai aka zo intabiyu. Manya uku a bayan tebur. Yarinyar nan ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta zube a ƙasa tana "Barkanku da hutawa." Ɗayansu ya ce ta tashi. Ta tashi, amma kai a sunkuye, murya kamar ta sauro. Sunanta bai fito ba. Ban ga laifinsu ba. Wa zai ba wa mai kallon yatsun ƙafarta tsaron kasuwa?

Da aka sake kiran masu neman aikin, shekarunta sun zo gab da iyakar da ake ɗauka. In ta faɗi wannan karon, shi ke nan har abada.

Akwai maƙwabcinmu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya. Na ɗauki littafina na makarantar yaƙi da jahilci na je na zauna masa, na ce ya faɗa mini abin da ake tambaya. Yana faɗa ina rubutawa da manyan baƙaƙena, har ya gaji da jira. Na dawo na kifa turmi a tsakar gida ya zama tebur, na zauna a bayansa na fara yi mata tambaya.

"Malama, me ya sa kike son aikin ɗan sanda?"

Ta tsaya ƙyam, ta zuba mini ido. "Don in kama tsofaffin da ke cin goro ba haƙora, yallaɓai."

"Ja'ira! Ni kike yi wa?"

Nan na gane aikin banza nake. Jika ba ta kunyar kakarta. Sai na aika aka kira baffanta, yayan mahaifinta, mutumin da ko tari ya yi a zaure sai gidan ya yi tsit. Ya zauna bayan turmi. Bai buɗe baki ba gwiwarta ta naɗe.

"Tashi!" na ce.

Ta tashi, ido a ƙasa. Na ɗora mata ƙwaryar ruwa a ka don kan ya miƙe. Kai ya miƙe, ido ya ƙi ɗagowa. Kwana huɗu muna haka. Baffan ya kaɗe rigarsa ya ce, "Iya, ki ƙyale yarinyar nan. Abin da kika dasa ne ya fito." Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Ranar kasuwa muka tafi wajen Auyo sayen shanshera, shinkafar da ba a sussuka ɓawonta ba. Ruwa ya cika fadama, sai da jirgi. Mai jirgin tsoho ne, bayansa na ciwo, sai Takwara ta karɓi gorar tuƙin, don mahaifinta ya koya mata tuƙi tun tana ƙanƙanuwa. Muna shiga wata 'yar siririyar hanya tsakanin ciyawar kacala sai ga wani jirgi ya nufo mu, mai shi dattijo ne da farin gemu.

"Baba, yi dama! Dama na ce! Za ka buge mu!"

Na waiwaya in ga wa ya yi magana. Takwara ce. A tsaye kamar sanda, ƙafa a buɗe, ido cikin idon dattijon, murya har tsuntsaye suka tashi. Dattijon ya yi dama kuwa, har da ɗaga mata hannu. Mai riƙe da gora ba ya durƙusawa, ba ya kallon ƙasa, in ya yi kowa ya sha ruwa. Nan dabara ta faɗo mini.

Washegari na je gidan baffanta. Na ce gobe zai shiga jirgi.

"Iya, kin san ni da ruwa."

"Na san ka. Ni na yi maka wanka kana ihu. Gobe da hantsi."

Na zaunar da shi a goshin jirgi yana fuskantar ta, ya riƙe katako da hannu biyu yana salati. Ni ina tsakiya da littafina, ina karanto tambaya yana maimaitawa. Duk inda za ta duba hanya, fuskarsa ce a wurin. Tambayar farko gwiwarta ta fara lanƙwasa, jirgi ya karkata ya soki kacala.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Dubi gabanki!"

Gabanta kuwa shi ne. Ta dube shi.

"Me ya sa kike son aikin?" Da ƙarfi ya yi tambayar, don tsoro ya riga ya buɗe masa maƙogwaro.

"Baffa, mata da yawa in an cuce su ba sa iya faɗa wa namiji. Sai su haɗiye. Ni za su faɗa mini, don na san irin kunyar."

Ban rubuta wannan a littafina ba, maƙwabcinmu ma bai faɗa ba. Baffan ya motsa zai gyara zama, jirgi ya girgiza.

"Baffa, zauna daidai!"

Ya zauna daidai. Ni na juya ina kallon ruwa, kada su ga bakina.

Sau biyar muka yi wannan fita. Ta shida a tsakar gida muka yi, na miƙa mata muciya na ce ta riƙe kamar gora. Ta bakwai na karɓe muciyar.

Ranar tafiya baffan da kansa ya raka ta Dutse. A bakin ƙofa na ce mata, "Takalminki a ƙafarki. Ofishin nan ruwa ne, su ukun nan jirgi ne ya nufo ki." Na koma kan tukunyata. Ranar sai da na kusa ƙona gumi, abin da ban taɓa yi ba.

Ta ce da ta shiga gwiwar ta so ta yi halinta. Sai ta dunƙule hannun dama kamar gora na ciki, ta dubi na tsakiyan, ta yi gaisuwa a tsaye. Ta ce har na gefe ya ce ta ɗan rage murya, suna ji.

Da sunaye suka fito, ba wanda na bari ya karanta mini. Na bi da yatsa layi-layi har na iske sunana, wanda yake nata.

Bayan watannin horo ta dawo. Ina juya shinkafa a kan shanya na ji sallama. Ga ta a bakin ƙofa cikin kaki, hula a kai, takalmi na ƙyalli, yaran unguwa sun cika zaure. Ta tsaya tana kallona, na ga ba ta san irin gaisuwar da za ta yi ba, ta can ko ta nan.

Na bar ta a tsaye. Na zagaya ta sau ɗaya, na taɓa maɓallin rigar, na ƙare mata kallo son raina.

Sannan na ce, "To, Yallaɓiya, nan ba ruwa ba ne."

Ta tuɓe takalmin, ta durƙusa har ƙasa. "Iya, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi, kar ki ɓata wa gwamnati wando."