Keken Arvo a Saunar Surukinsa

Arvo Koskela ya suma sau biyu a rayuwarsa, kuma duka biyun zafi ne ya kayar da shi. Na farko yana ɗan shekara goma sha tara, a kan layin sayen askirim. Na biyu ranar ɗaurin auren 'yarsa Aili, cikin watan Yuli, yana tsaye da baƙar kwat a gaban jama'a. Ranar zafin bai wuce digiri ashirin da bakwai ba. Akwai hotuna.

Shekarunsa hamsin da uku, ashirin da shida daga ciki ya yi su ne yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara a titunan Thunder Bay. Da wuya ka sami magidanci a arewacin garin da bai taɓa gama share ƙofar gidansa ba, ya ɗago kai ya ga motar Arvo ta sake tura masa tudu guda. Arvo yakan ɗaga musu hannu. Su ma sukan ɗaga masa, sai dai yatsa ɗaya kawai, na zagi.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce masa ya riƙa ɗan tattaki saboda tumbi. Ya fara tattaki, tattaki ya zama gudu, gudu ya jawo keke. A bazarar bara ya shiga wata 'yar ƙaramar gasa ta iyo da keke da gudu, ya zo na arba'in da ɗaya cikin mutum arba'in da takwas, aka rataya masa lamba. Daga nan kansa ya kumbura. Cikin watan Oktoba, suna cin abincin dare, ya gaya wa matarsa Raija cewa ya sa sunansa a babbar gasar, wadda ake yi a Texas ƙarshen Afrilu: iyo kusan kilomita huɗu, keke kilomita ɗari da tamanin, sannan gudu kilomita arba'in da biyu, duk a yini ɗaya, cikin awa goma sha bakwai.

Raija ta yi shekara talatin tana aikin nas a sashen gaggawa. Ta ajiye cokali, ta tambaye shi zafin Texas a watan Afrilu. Ya ce wai yakan kai talatin da biyar. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da cin abinci. Washegari fasfonsa ya ɓace daga durowar da yake ciki tun aurensu.

"Raija, ina fasfona?"

"Yana nan lafiya."

"A ina?"

"Inda ba za ka taɓa dubawa ba."

"Haba, ni yaro ne?"

"Yaro ai idan ya ji rana inuwa yake nema. Kai tsayawa kake yi ƙiƙam sai an zo an kwashe ka. Ka nuna mini za ka iya da zafi, in ba ka abinka. In ba haka ba, ka yi gasarka a nan tsakar gida, ni zan rataya maka lambar."

Ya duba ƙarƙashin katifa, ya duba cikin firiza ƙasan kifi, ya duba aljihun duk wata rigar sanyi da ke gidan. Bai samu ba. Texas a wata ƙasa take, kuma ba a tsallaka iyaka babu fasfo, don haka ya koma kan horo, yana neman dabarar da zai gamsar da ita.

Takardar horon da ya manna a jikin firiji wani mutum ne a California ya tsara ta, kuma da gani bai taɓa riƙe shebur ba. Ranar da takarda ta ce gudun awa biyu, sai a wayi gari ƙanƙara ta rufe gari, a kira Arvo aiki ya yi awa goma sha biyu a kan sitiyari. Ranar da ya sami fita, sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifili. Ya ɗaura ƙananan ƙusoshi a ƙasan takalmansa saboda santsi, abin da ya sa Raija ta hana shi taka daɓen kicin. Yakan dawo gemunsa ya daskare, ruwan gorarsa ya zama dutse. Iyo kuwa ƙarfe shida na safe yake yi a wurin iyo na unguwa, a layi ɗaya da wasu tsofaffin mata uku, kuma ɗaya daga cikinsu, mai shekara saba'in da huɗu, takan taɓa masa ƙafa a hankali idan tana so ta wuce. Keken yana ɗakin ƙasa, an ɗora tayar baya a kan wani ƙarfe don a yi ta tuƙi wuri ɗaya. Can yake awa uku, awa huɗu, yana kallon injin wanki da kwalin garin sabulun da ke kansa.

Duk wannan babu zafi a ciki. Sai cikin Janairu dabara ta faɗo masa, kuma ya yi mamakin yadda jikan mutanen Finland zai ɗauki wata uku kafin ya tuna da sauna, ɗakin wankan zafi da turiri na mutanensu.

Saunar ta surukinsa ce, mahaifin Raija, Toivo Rantala, ɗan shekara tamanin da ɗaya, tsohon mai saran itace a daji. Da hannunsa ya gina ta a bayan gidansa na bakin tafki shekara hamsin da suka wuce: ɗakin katako, murhun itace, duwatsu a kan murhun, bokiti da ludayi, sai ɗan zauren tuɓe kaya a gaba. Kowace Asabar da la'asar yake hura ta, kuma tun da ya gina ta Asabar biyu kawai ya tsallake.

"Baba, so nake in shigar da kekena ciki."

Toivo ya daɗe yana kallonsa. "Ciki ina?"

"Cikin sauna."

"A sauna aka haifi uwata. Kai kuma za ka shigo mini da taya."

"Don zafin Texas ne, Baba."

"Su mutanen Texas ɗin ne suka aiko ka?"

Sai da Arvo ya yi alkawarin faskare itacen sauran hunturu gaba ɗaya, kuma zai wanke tayoyin da sabulu, sannan tsohon ya yarda. Aka cire bencin ƙasa aka kafa keken.

Asabar shida a jere aka yi haka. Toivo yana zaune a bencin sama da hular ulu a kansa, ba komai a jikinsa sai ita, yana watsa ruwa a kan duwatsu, turiri yana tashi. Arvo yana ƙasa yana taka feda. Idan zafi ya kai masa ko'ina, sai ya yi abin da duk mutumin kirki yake yi tun yana yaro: ya buɗe ƙofa, ya ruga waje, ya yi birgima cikin ƙanƙara, ya dawo jikinsa ja wur ya sake hawa. Toivo bai ga laifin haka ba, don shi ma hakan yake yi. Kowane mako Arvo yakan rubuta a takardar jikin firiji: awa biyu cikin zafi, lafiya lau.

A Asabar ta bakwai Raija ta biyo shi. Ta zauna a tagar kicin ɗin mahaifinta da kofi a hannu, tana ƙirgawa. Da suka fito ta tare shi.

"Sau tara."

"Sau tara me?"

"Sau tara ka fito ka kwanta a ƙanƙara cikin awa biyu. Baban Aili, a Texas wa zai jibge maka ƙanƙara a bakin titi duk bayan minti goma sha biyu?"

Arvo ya dubi surukinsa. Toivo ya ce shi bai taɓa zuwa Texas ba, amma in har babu ƙanƙara, bai ga abin da mutane suke yi a can ba.

Nan take Raija ta kafa sharaɗi. Asabar ta ƙarshe a watan Maris, awa biyu a kan keke, zafi digiri talatin da biyar daidai, ƙofa a rufe. In ya buɗe ƙofa kafin lokaci, magana ta mutu. Toivo ne zai riƙe agogo ya kula da wuta.

"Talatin da biyar?" in ji tsohon. "Wannan ai ba sauna ba ce, ɗakin jiran likita ne. In maƙwabta suka ji fa?"

"Baba, awa biyu ce kawai."

"Uwarki ba ta taɓa yi mini haka ba."

Ranar ta zo. Ƙarfe uku daidai Arvo ya hau keke da gora huɗu na ruwa. Ma'aunin zafin da ke bango yana kan talatin da biyar. Toivo ya hau bencinsa da hularsa da agogo, ya naɗe tsiran alade guda biyu a takardar gasa nama ya ɗora a kan duwatsu, kamar yadda yake yi kowace Asabar, don a ci bayan wanka.

Abin da ya biyo baya daga bakin su biyun na ji shi, kuma labarinsu bai saɓa ba sai a yawan itacen. Bayan minti ashirin Toivo ya taɓa tsiran ya ji shi da sanyi. Ya yi tsaki. Ya ce ƙafafunsa ma sun fara sanyi. Ya sauko ya sa itace a murhu. Shi ya ce ɗaya tak, Arvo ya ce uku. Da zai koma benci ya rataye tawul ɗinsa a ƙusar da ke bango, wadda ita ce ƙusar ma'aunin zafi. Ya rantse bai lura ba. Can kuma da tsiran ya fara ƙamshi, hannunsa ya kai kan ludayi ya watsa ruwa a duwatsu. Ya ce shekara saba'in hannun yana wannan aikin, ba ya neman izininsa.

"Baba, kamar zafin ya ƙaru."

"Tsoro ne. Taka."

"Digiri nawa ne?"

"Na ce maka taka. Mu da muka sari itace cikin Yuli da rigar ulu?"

A minti na hamsin Arvo ya ji kunnuwansa suna ƙara. Sai ɗigo-ɗigon baƙi suka fara yawo a gaban idonsa. Ya san su. Su ne ya gani a layin askirim, su ne ya gani lokacin da fasto yake karanta sunan 'yarsa. Saura awa ɗaya da minti goma. Ya ce ya tuna wata biyar na iyo a bayan tsohuwa, ya tuna itacen da ya faskare, ya tuna cewa duk abokan aikinsa sun riga sun san ranar tafiyarsa. Ya dubi ƙofar na ɗan lokaci. Sannan ya daina taka feda, ya sauko a hankali, ya buɗe ta.

Bai fita ƙanƙara ba. Ya zauna a bencin zaure, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, ya shanye gora guda. A haka Raija ta same shi, don ta hango turiri yana fita ta ƙofar zauren.

"Na faɗi," in ji shi. "Minti hamsin."

Ta kama hannunsa tana kallon agogonta, ta ɗaga masa fatar ido, ta sa shi ya faɗi sunan ranar. Sannan ta leƙa ciki ta zare tawul daga bango. Ma'auni yana kan saba'in da ɗaya.

"Baba!"

"Ɗanyen nama kike so in ba mijinki?"

Abin da ta faɗa wa mahaifinta da harshen Finland ta faɗe shi, kuma babu wanda ya yarda ya maimaita mini. Da ta gama, Arvo ya ce tun da an yi maguɗi, ko za a sake gwaji Asabar mai zuwa.

"Ba za a sake ba."

"Haba Raija, saba'in da ɗaya fa."

"Ni ba lamba na zo gani ba. Ranar auren Aili ka san za ka faɗi?"

"Na ɗan ji alama."

"Minti nawa kana jin alamar?"

"Kamar goma."

"Ga kujera a bayanka ka ƙi zama, don kada a ce uban amarya ya zauna. Shekara talatin irinku ake kawo mini a gadon ɗaukar marasa lafiya, kowa da 'na ɗan ji alama'. Yau ka sauko da ƙafarka." Ta miƙa masa wata gorar. "Sha. In mun koma gida ka ɗauki fasfonka."

"Yana ina?"

"Cikin kwalin garin sabulu, a kan injin wanki. Na sa shi a leda."

Tsakanin sirdin keken Arvo da kwalin nan bai kai taku biyu ba.

"Wata biyar ina kallon kwalin nan."

"Na sani. Da ka taɓa wanke ko da wandon kekenka sau ɗaya, da tun Nuwamba ka gan shi."

Daga ciki aka ji wata ƙara kamar ta bindiga. Tayar baya ce ta fashe. Toivo ya fito da hularsa da faranti a hannu, ko gezau, ya ce wannan ita ce Asabar ta ƙarshe da ƙarfe zai shiga saunarsa, kuma tsiran ya gasu yadda ya kamata.

Jirginsu zai tashi ranar ashirin da biyu ga Afrilu. Raija za ta tsaya a bakin hanyar gudu da jakar ƙanƙarar da za ta saya a kanti, ta kuma gaya masa cewa idan ta ɗaga hannu, ya nemi wuri ya zauna. Da na je gidansu a makon jiya na same shi a ɗakin ƙasa, an sa wa keken sabuwar taya, injin wanki yana juyi. Shi ya kunna. Ya zuba sabulun a ramin da ba nasa ba, kumfa ta fara fitowa ta ƙasa, amma ya ce kada in gaya mata sai ya gama minti arba'in ɗin da suka rage masa.