Rubutun Gindin Gwangwani

Duk ranar kasuwar Rano, 'yan tireda kan taru a inuwar darbejiya suna ƙara wa juna sani. Yau har da wani dattijo mai gemu fari fat, tabaransa ɗaure da zare. An ce daga garin Fassi ya rufo shagonsa. Yana ta juya gwangwanin madara da ya taho da shi daga shagon, wani abokin sana'a, Tajuddeen, yana nuna masa inda ake rubuta ranar lalacewar kaya.

Me ya taso shi da tsufansa? Ko ɗan maƙwabci ne ya kwana da ciwon ciki?

"Ɗana, wannan fa?"

"Baba, ai ta lalace tun bara."

Dattijon ya soka gwangwanin a aljihu.

"Jikokina ma ita suke sha."