Ƙafar Usta Mirsoat

Safiyar da girgizar ƙasa ta jijjiga Tashkent, Usta Mirsoat bai tsaya duba bangon gidansa da ya tsage ba. Da gudu ya nufi makarantar koyon zane inda yake gadin ɗakin mutum-mutumi, ya buɗe ƙofa, ya tarar da mutum-mutumin Mai Jifa da Faifai a ƙasa, ya yi kaca-kaca.

Mirsoat gwanin ganch ne tun kakanni, wato farar ƙasar nan da ake kwaɓawa a ƙawata bango da ita. Da ita aka zuba mutum-mutumin ɗakin duka, kuma shekara ashirin yana share musu ƙura, yana ɗinke musu hanci da kunne. Yakan ce wa ɗalibai, "Girkawa suka ƙera da tagulla, Rumawa suka kwaikwaya da dutse, wani ya kwaikwayi na Rumawa da ganch, ku kuma kuna kwaikwayon wannan da fensir. Kowa ɓarawon wani ne, sai ni mai shara."

Wata bakwai ya yi yana haɗa gutsattsarin. Komai ya samu, ban da ƙafar dama, wadda ta zama gari. Aika wa Mosko neman wata kuwa sai a shekara ana jira. Sai ya koma gida, ya shafe tasa ƙafar da kitsen jelar rago, ya shimfiɗa zare a kanta, ya ce matarsa Muattar ta zuba kwaɓin.

"Baban Nodira, ka haukace? Wannan ƙafar taka mai faso?"

"Zuba kawai. Faso a goge shi ake yi."

Kafin kwaɓin ya daskare ya ja zaren, mazubin ya rabu biyu. A cikinsa ya zuba sabuwar ƙafa, ya manna wa Mai Jifa. Fason ya gogu. Amma babban yatsan da amalanke ta taka tun yana yaro ya fito da karkatarsa, haka ya bar shi.

Wallahi ya yi niyyar faɗa wa shugaban sashe, Domla Fozil, gaskiyar ƙafar. Sai dai ranar da aka sake buɗe ɗakin, Domla ya tsaya gaban manyan baƙi ya ce shi ya haɗa Mai Jifa da hannunsa, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba. Wani baƙo ya nuna Mirsoat ya tambaya ko wane ne. Domla ya amsa:

"Mai shafen bango ne, yana riƙe mini fitila. Kai, tsoho, je ka kawo shayi."

Mirsoat ya kawo shayin. Jikan mutanen da suka ƙawata masallatai ne aka kira mai shafe! Tun daga ranar ya tsani Domla, tsana mai tsanani, ya kuma ɗinke bakinsa.

Abin dariya, ƙafar nan ce Domla ya fi ƙauna. Duk sabon aji sai ya durƙusa gabanta da sandar nuni. "Ku dubi karkatar yatsan nan! Bagirke kaɗai ya san yadda ƙafa ke kama ƙasa in mutum zai yi jifa. Irin wannan ƙafa ba a haifarta a garin nan." Mirsoat na bayan aji da tsintsiya, yana jujjuya yatsan cikin takalmi. Har ɗan littafi Domla ya rubuta a kanta.

Muattar ta gaji. "Ka faɗa masa mana ka huta, tuwon bakinka ma ba ka jin daɗinsa."

"A ɗaki mu biyu? Ina! Gaban mutane ya yi mini, gaban mutane zan rama."

Shekara goma sha biyu ya jira. Da Domla ya cika sittin aka shirya masa biki a ɗakin, baƙi har daga Leningrad, tsofaffin ɗalibai cike maƙil. Bayan jawabai, Domla ya kasa haƙuri, ya ja baƙin zuwa gaban ƙafar ya fara karatunsa.

Mirsoat ya jingine tsintsiya. Ya ratsa mutane, ya zauna a ƙasa ya tuɓe takalmi da safa, sannan ya miƙe ya ɗora ƙafarsa kan dakalin Mai Jifa, dab da farar ƙafar.

"Domla, ranka ya daɗe, a duba mini ko wannan ma ta Girka ce."

Wata baƙuwa mai farin gashi ta gyara tabarau ta sunkuya, ta dubi wannan, ta dubi waccan, yatsa da yatsa. Ta ɗago ta tambayi Mirsoat, "Malam, wa ya haɗa mutum-mutumin nan?"

"Mai shafen bango."

Daga can baya wani ya tuntsire, sai ɗakin ya ɗauka. Waɗanda suka zana ƙafar sau ɗari su suka fi kowa dariya, har da masu riƙe ciki. Domla ya tsaya da sandarsa a hannu.

Washegari aka kira Mirsoat ofis aka karɓe mabuɗin ɗakin. Ya roƙi a bar shi ya shiga ya yi wa mutum-mutumin sharar ƙarshe, aka hana. Ya tsaya a tsakar gida ya leƙa ta taga, suna nan tsaitsaye farare, kowanne ya san inda ya ɗinke masa. Nan fa hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba.

A gida Muattar ta ajiye masa shinkafa da nama, ta zauna tana kallonsa.

"To, ka huce?"

"Na huce." Ya dubi akushin. "Amma Maman Nodira, gobe wa zai share musu ƙura?"