Ashana a Kan Takalmin Mai Usur

Shekara talatin da ɗaya Baba Tashi-Zauna yana gyaran takalma a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota, kuma babu mai iya rantsewa ya taɓa ganin ya cika minti biyar a kan kujera. Ya buga ƙusa biyu, ya miƙe ya leƙa titi. Ya shafa gam, kafin ya sha iska ya je ya nuna wa wani direba yadda ake juya mota, shi da ko keke bai iya ba. Matarsa ta daina zuba masa miya da zafi, don a tsaye yake sha.

Aikinsa dai ba a kushe shi. Fata tana jin maganarsa. Sai dai fatar ce ta yi ta raguwa a ƙafafun mutane, aka koma wa wasu takalman gudu marasa nauyi, waɗanda inji ke saƙa samansu gaba ɗaya, babu yanki babu ɗinki.

"Wannan ai safa ce aka manna wa roba," in ji Baba, duk lokacin da irinsu suka wuce.

Babban mai kawo masa aiki da ya rage shi ne malamin wasanni na makarantar bayan layi, wanda kowa ke kira Mai Usur. Kowane zango yakan kawo buhun takalman ɗalibansa. Ranar Litinin ya zo da nasa na kansa, shuɗi, wani zare ya ɗan fito wajen babban yatsa.

"Baba, zaren nan kawai za ka kashe mini. Alhamis zan karɓa. In ya yi, buhun na nan tafe, don duk irinsa ake sawa yanzu. In kuwa ya fi ƙarfinka ka faɗa, in nemi wani wuri."

"Ya fi ƙarfin wa? Je ka abinka, Malam."

Malamin yana juya baya, Baba ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya datse zaren, ya ƙyasta ashana ya kara a bakin zaren. A jikin fata, zaren yakan narke ya dunƙule, magana ta ƙare. Amma wannan takalmin duk jikinsa zaren roba ne. Saƙar ta yi tsui, ta ja baya, ta buɗe ramin da Baba ya zura babban yatsansa ya gan shi ta ciki.

Ranar nan titin ya sha sintiri. Ya je kasuwa, masu sayar da takalma suka ce ba a gyara irinsa, sabo ake saye. Ya dawo ya yanko fata zai yi faci, yana soka basilla saƙar ta ƙara zarewa. Ya tura takalmin ƙarƙashin benci, ya ciro, ya sake turawa. Da aka gaishe shi sai ya amsa da "Alhamis."

Washegari ya sa takalmin a jaka ya nufi gidan yayarsa, wadda ta tsufa tana saƙa hulunan jarirai. Rabonsa da gidan tun bara.

"A'a, yau auta ne a gidanmu? Wa ya mutu?"

"Yaya, takalmi ne. Kuma buhun irinsa na nan tafe."

Ta juya shi, ta shinshina, ta yi dariya har da tari. "Wuta ka sa wa saƙa? Kai da furfurarka?"

"Ki taimaka ki kama mini shi, yanzun nan zan dawo."

"In kama wannan, buhun fa? Ni zan koma ƙarƙashin bene? Zauna."

Ta miƙa masa kwarashi mafi siriri, ɗan ƙarfen saƙa mai lanƙwasa a baki, da wani koren zare mai ƙarfi, don ba ta da shuɗi. Ta sa ya yanke gefen da ya ƙandare. Sannan ta nuna masa idanun saƙar, ƙananan madaukai goma sha tara da suka saki juna. Kowanne sai an kamo shi an ratsa zare, kuma wanda ya ɗauke kai ya ɓata lissafi.

A ido na shida ya ji ƙarar babur, ya miƙe. Suka koma farko. A na goma sha ɗaya ya tuna bai rufe gwangwanin gam ba. Suka koma farko. Yaya ta jawo kujerarta ta take masa bakin riga da ƙafa.

"Tun kana goye kake harbin bayan Inna. Yau dai sai ka zauna."

Gumi yana ɗiga daga hancinsa, amma ya kai goma sha tara. Ta duba ta ce ya ja da yawa, ya warware. Laraba ma can ya wuni.

Ranar Alhamis, Mai Usur bai gama sallama ba Baba ya tare shi.

"Malam, na ƙona maka takalmi. Ga abin da na iya yi."

Mai Usur ya daɗe yana kallon koren tabon. Ya zauna ya sa takalmin, ya ɗaure, ya falla da gudu har shataletale. Baba ya bi shi rabin hanya, ya dawo, ya sake binsa.

Malamin ya iso yana haki, ya danna tabon da yatsa.

"Yana ɗan cizo. Amma bai buɗe ba."

"To buhun?"

"Ƙafa uku zan fara kawowa, mu gani."

"Kawo biyar."

"Uku, Baba. Kuma ka nemi shuɗin zare."