Mai Gugu a Gidanmu na Kokoro

Ina wata bakwai da cikin ɗana na fari lokacin da sojoji suka yi tawaye karo na biyu. Muna zaune a unguwar Kokoro, gidan surukata Hajiya, ni da mijina da yayansa. Mijina yana da shagon atamfa a Titin Koudoukou. Yaya kuwa ya karanci aikin gona, ya yi shekaru a wata tashar bincike a kudu, da albashi ya daina zuwa ya dawo kasuwar Kilomita Biyar yana sayar da kayan gyaran mota.

Akwai wata mata da ke zuwa daga wani ƙauye a bakin daji duk damina, da daro a ka, tana tallar naman kaza, wanda ake ce wa gugu da harshen Sango. Ni kaɗai ce mai saye a gidan, don a wajen mahaifiyata na saba cin sa. Hajiya ba ta ko taɓa shi. Laimar kwaɗi take ce masa.

Ran nan mai gugu ta sauke daronta a tsakar gidanmu da hantsi, muna cikin ciniki aka fara harbi daga wajen gari. Yaya ya shigo da gudu ya sa wa ƙofa sakata. Ya ce an kafa shinge a hanyar kudu, babu motar da ke wucewa. Mijina ya aiko cewa zai zauna a shago da maƙwabtansa saboda masu wawaso. Mai gugu ta ce za ta jira zuwa la'asar. Kwana tara ta yi.

'Ya'yanta uku suna ƙauye, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba. Kullum da safe sai ta ɗaura zane ta je ta tsaya bayan ƙofa tana sauraro, sai an yi wata ƙara ta dawo ta zauna gindin mangwaro. Ba ta kuka. Rediyo Yaya yake kunnawa, ya fassara mana abin da aka faɗa da Faransanci, kuma kowace rana maganar ɗaya ce, ana tattaunawa, kowa ya zauna a gida. Ni ma ƙafafuna sun kumbura, ranar awona ta wuce, asibitin yana can bayan shinge.

Masu kyan cikin daron mun cinye su a kwana biyu, ni da ita da Yaya. Sauran ta shanya a kan kwanon rufin kicin. Da Yaya ya hau ya sauko mana da su ne ya tsaya yana jujjuya ɗaya a hannu. Ƙafar gugun doguwa ce siririya, a karkace, hularsa 'yar ƙarama mai ɗigon ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ta inda ta samo.

Ta ce a wani suri ne na gara da mahaifiyarta ta nuna mata tun tana yarinya. Damina biyu ke nan yana ba da irin waɗannan, kuma bana wasu suri biyu da ke kusa sun fara. Mutanen ƙauye suna cewa hannu aka sa mata. A kasuwa ba a saye, shi ya sa take tura su ƙasan daro.

Yaya ya ce yana zaton ba hannun kowa ba ne. Ya ce naman kaza ma yana kamuwa da ƙwayar cuta, irin wadda ake ce wa birus, kamar yadda mutum ke kamuwa da mura. Tana zama a cikin farin zaren nan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne ainihin jikin abin, ta bi shi duk inda ya yaɗu. Ya ce ba zai rantse ba, sai an duba a ɗakin bincike, amma ya taɓa ganin irin wannan karkacewa a wanda ake nomawa. Ta tambaye shi magani. Ya ce babu.

A rana ta shida miya ta ƙare. Garin rogo muke da shi, da manja kaɗan da gyaɗa. Hajiya ta yi kwana biyu tana shan kunu kawai. Na ce a dafa gugun nan marasa lafiya. Hajiya ta ce ba a gidanta ba, kuma ba da ciki a jikina ba.

Yaya ya durƙusa gabanta ya ce, "Hajiya, ciwon nasu ba ya kama mutum. Abin tsoro ɗaya ne, in sun lalace haka suna iya kama da masu dafi. Ni ban iya bambancewa ba. Ita ta iya."

Mai gugu ta zuba su a faifai, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, ta fasa, ta sansana, ta duba gindin. Ta ware huɗu ta jefa a wuta, ta ce ba ta yarda da su ba. Sauran ta dafa da gyaɗa da manja. Ta ɗebi nata ta ci a gabanmu, ta ce kada kowa ya taɓa sai inuwar mangwaro ta kai bakin rijiya. Muka zauna muna kallon inuwa, ana ta harbi can nesa. Da ta kai, ta miƙe ta zagaya tsakar gida sau biyu don Hajiya ta gani.

Na ci da tuwon rogo. Ba shi da daɗin na kullum, ya ɗan yi salam. Hajiya ta sa hannu sau uku ta ce ya isa, amma washegari ita ta tambaya ko akwai saura.

A wannan zaman ne mai gugu ta sake tayar da maganar surin nata. Yaya ya tambaya ko wuƙa ɗaya take tono da ita a ko'ina. Ta ce wuƙa ɗaya take da ita, kuma a hanya take karkaɗe ƙasar gindin. Ya ce ta riƙa fara tono daga masu lafiya, ta wanke wuƙar da ruwan zafi, kada ta zubar da ƙasar kusa da wani suri.

"Ashe ni na kai musu," in ji ta.

Yaya ya ce ba lallai ba ne, iska ma tana kaiwa.

A rana ta tara harbi ya lafa. Mijina ya dawo a rame, ya ce an fara barin mata su wuce a ƙafa. Hajiya ta ba ta zane da garin rogo a ƙulli, Yaya ya raka ta har inda aka yarda maza su kai.

Sai bayan sunan ɗana muka sake ganin ta. Ta tarar da 'ya'yan lafiya a wajen ƙanwarta, sai dai ƙaramar ta yi kwanaki ba ta yarda ta ɗauke ta. Ta ce tana wanke wuƙar, amma surin mahaifiyarta ya daina ba da komai. Yaya ya yi mata alkawarin zai je da kansa ya gani in damina ta dawo. Kafin nan sojoji suka sake tashi, aka rufe hanyar kudu wata da watanni, bai samu zuwa ba.